Jita a Buhun Citta

Legas, watan Satumba

Yaya Hellen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama? Ina fata ƙafar ta sake ta. Yaya mutanen Kafanchan da ƙarshen damina? Ni lafiya ƙalau, sai ɗan ciwon baya na zaman kujera a wannan sito na Apapa, inda cittar garinmu ke wucewa ta gabana kullum ba ta ko gaishe ni.

Na rubuto ne tunda kin rantse ba za ki ƙara yin magana mai nauyi da ni a waya ba, wai da kin fara faɗa sai in ce layi ya yanke. Ban amsa wannan zargi ba, amma ga takarda na ba Nuru direban motar citta ya kawo miki.

Maganar jitata ce. Jar nan ta lantarki da na saya a Kaduna ina ɗalibi, wadda na tura ƙarƙashin gadonki. Wani abokin aikina ya nuna min a wayarsa yadda Turawa ke rububin tsofaffin jita. Yaya, na ga wata da fentinta ya koɗe, duk jikinta tabo, an sayar da ita kuɗin da zai gina gida har da katanga. Wai tsufan ne kuɗin. Tawa kuwa ta haura shekara ashirin, kin ga ashe arziki muke kwana a kai ba mu sani ba. Dama tsohuwar zuma da ita ake magani.

Ban manta ba, ranar da na shigo da ita gida kika ce na zubar da kuɗin makaranta a kan faranti mai dogon wuya. To ga shi farantin zai sauya wa Mama rufin ɗaki. Ki ciro ta a hankali. Kada ki wanke, kada ki bari wani mai son taimako ya shafa mata fenti, domin dattin ma da farashinsa. Ki kai wa Okechukwu mai shagon kayan sauti na wajen tashar jirgi ya duba, amma kada ki nuna masa muna ɗoki.

A gaida Mama da kyau.

Ƙanenki,
Luke

*

Kafanchan, watan Oktoba

Luke,

Takardarka ta iso da tambarin baƙin mai a goshinta. Mama da sauƙi. Ƙafar dai ka san halinta, ranar kasuwa takan warke, ranar sharar tsakar gida ta tashi. Ta ce in tambaye ka ko an rufe hanyar fitowa daga Legas ne, tunda rabonka da gida tun jana'izar Baba. Ni ban ce komai ba, saƙo na isar.

Jitarka ba ta ƙarƙashin gadona. Ba ka daɗe da komawa ba Kevin kafinta, shugaban makaɗan majami'armu, ya zo aronta don ɗaurin aure guda ɗaya. Ɗan fari na wannan auren yanzu yana firamare, jita ba ta dawo ba. Ni kuwa ban neme ta ba, domin wurin da ta bari ya yi wa buhun acca daidai.

Tunda ka ce lalacewa ce kuɗi, bari in yi maka albishir. Kunnen ɗaure waya ɗaya ya karye, da filaya ake murɗa shi. Abin ƙara murya ya ɓace, Kevin ya ɗora murfin kwalbar lemo a wurin. Igiyar ratayawa bel ɗin tsohuwar mota ce. Siririyar wayar ƙasa daga wayar kulocin babur aka zaro ta. Duk wanda ya taɓa ta ba takalmi sai ta ja shi, shi ya sa Kevin ba ya kiɗa sai da silifa, a kan tabarmar roba. Sannan ta koyi kama rediyo. Ranar Ista, Rabaran yana tsakiyar addu'a, ya ce, "Ya Ubangiji, ka yi mana magana," sai jitarka ta sanar da sabon farashin takin zamani. Baba Gershon, dattijon nan da gidansa ke jingine da majami'a, ya kai ƙararta majalisar dattawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Duk da haka na ɗauke ta na kai wa Okechukwu, ina tafe yara suna bina kamar mai tallan magani. Ya juya ta, ya leƙa bayanta, ya shinshina, ya ce, "Madam, wa ya aiko ki? Wannan tun yana sabo ma ba mai tsada ba ne. Wanda Turawa suke saya, babban mawaƙi ne ya riƙe shi. Wannan wa ya riƙe shi?"

Na ce ƙanena Luke.

Ya ce, "Luke wane?"

Na tambaye shi nawa zai bayar. Ya ce in na bar masa ita a shago, shi ne zai caje ni kuɗin ajiya. Na gode masa, na ɗauko kayana na fito. Zuma aka ce, ƙanena, ba a ce tsohon katako ba.

Na mayar wa Kevin, ya karɓe ta da hannu biyu kamar an dawo masa da jariri daga asibiti. Ka haƙura ka bar masa, kowa ya huta.

Yayarka,
Hellen

*

Legas, ƙarshen Oktoba

Yaya Hellen,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin jin Mama da sauƙi. Ki ce mata hanya a buɗe take, hutu ne babu. Yanzu lokacin lodi ne, mai gida ko jana'izarsa ce ba zai ba da hutu ba.

Yaya, ke da kika yi shekaru kina shugabar makaranta, har ɗan kasuwa zai yi miki wayo? Kushe kaya ai shi ne rabin ciniki. Da ba ya so, me ya kai shi shinshinawa? "Luke wane" kuma, zan tuna masa wata rana. Ni ne na yi kiɗa a bikin ƙanwar matarsa, har janareto ya mutu mutane ba su daina rawa ba.

Kafanchan ba ta san darajar irin wannan kaya ba. A nan akwai masu ido. Ki karɓo ta daga hannun Kevin, ki gode masa, ki kuma gaya masa aron da ya kai yaro firamare ya isa haka nan. A naɗe ta da kyau a ba Nuru a lodinsa na gaba, ya ajiye ta gaban mota kusa da shi, ba baya cikin kaya ba. Murfin kwalbar a bar shi yadda yake, zan ce wa mai saye aikin hannu ne.

Ƙanenki,
Luke

*

Kafanchan, watan Nuwamba

Luke,

Muna lafiya. Mama ma lafiya, har ta wuce yadda ake so, za ka ji dalili. Ka nemi kujera ka zauna kafin ka ci gaba.

Na yi yadda ka ce. Nuru ya ce zai tashi ranar Lahadi da yamma, Lahadin kuwa ita ce ta godiyar girbi. Kevin ya roƙi a bar shi ya yi sujadar ƙarshe da ita, na ce to. Da aka gama waƙoƙi ya cire ta daga lasifika, ya zura ta cikin buhun citta, domin jakarta ɓeraye sun gama da ita tuntuni. Ya ɗaure bakin buhun, ya jingine min a bakin ƙofa don in ɗauka in an tashi.

Ka dai san yadda ake yi, in Legas ba ta wanke maka kai ba. Kowane gida ya taso da rawa ya kai abin da gona ta ba shi gaban bagadi, manyan buhuna kuma a bar su bakin ƙofa matasa su shigo da su. Ni ina can cikin layin zumuntar mata da doyata a ka, ina juyi, ban san an kwashe buhunan ƙofa duka ba. Sai da na zauna ina fifita na hango wani dogon buhu tsaye tsakanin kabewa da zakaru. Nan take na gane shi.

Rabaran ya ce wannan citta ta yi tsawo da yawa, aka yi dariya, ya kwance. Ya ɗaga jita sama, ya juya bayanta, ya karanta abin da ka rubuta da farin fenti tun kana saurayi: "Ta Luke ce, kada a taɓa." Sannan ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan. Abin da ɗan'uwanmu ya hana kowa taɓawa, yau daga Legas ya miƙa wa Allah."

Luke, majami'a ta tsage da guɗa. Na miƙe zan ce kuskure ne, matar da ke gefena ta rungume ni tana cewa, "Anti, kun yi tarbiyya!" Kafin in ƙwace, Mama ta yar da sandarta ta fito tsakiya. Ta yi rawar da rabona da ganinta tun bikina, hawaye yana zuba, tana cewa ɗanta bai manta gida ba, bai manta Allah ba. Rabaran ya ɗora hannu a kan jita ya yi addu'a, kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, me kake so in ce?

Ka san ka'ida. Abin da ya kai gaban bagadi aka yi masa addu'a, ba ya komawa gida. Kayan da za su lalace an yi gwanjonsu a ranar. Manyan kaya, har da jitarka, sai Lahadin farko ta Disamba, kuɗin na rufin majami'a ne. Wanda ya saya kuma ya yi abin da ya ga dama da kayansa. Baba Gershon ya riga ya shelanta a bakin ƙofa: "Ni zan saya shi. Waya in ɗaure kaji, katako in dafa wake. Ko sau ɗaya ne in yi barcin rana a gidana."

Nuru ya tafi da buhun citta na gaske, na ba shi don kada ya yi jiran banza. Ka sha shayi da ita. Tun ranar Mama take karɓar baƙi masu zuwa barka, har ta sa a ɗinka mata sabon zane.

Yayarka,
Hellen

*

Legas, watan Nuwamba

Yaya Hellen,

Gaisuwa, a gaida Mama. Na kira ki har batirina ya ƙare, ba ki ɗauka ba. Na san da gangan ne.

Da na fara karanta takardarki dariya na yi, har masu dako suka leƙo. Da na kai wurin waken Baba Gershon sai dariyar ta ɗauke. Yaya, ban san haka zan ji ba. A kan cinyata na riƙo ta daga Kaduna har gida, kwandasta yana cewa sai na biya mata kujera. A kanta yatsuna suka fashe suka warke. Da batirin mota nake kunna ta a gindin mangwaro, marigayi Babanmu yana cewa in rage ƙara, amma ba ya tashi daga wurin. Duk shekarun nan ban taɓa ta ba, gaskiya ne, amma na san tana nan, kuma tawa ce. Mutum in yana baƙon gari, yana bukatar ya san akwai wani abu nasa a wani wuri. Ba na son sayarwa kuma, ko Baturen ya zo da kansa.

Don Allah ki je wurin Rabaran a asirce, ki gaya masa yadda aka yi. Zan aiko da wani abu a madadinta, ko agogon bango ne. Na san za ki ce hakan lashe amai ne a gaban ikilisiya, kuma in Mama ta ji, sabon zanen zai zame mata abin kunya. Ni ma na auna wannan, shi ya sa na ce a asirce.

In hakan ya gagara, ki tsaya min a gwanjo ki saye ta da sunana, zan biya. Amma ki yi da hankali, kada ki wuce kuɗin bunsuru ɗaya matsakaici. Kada ki fara ɗaga hannu da wuri, kada kuma ki kalli Baba Gershon a ido, tsohon nan da taurin kai yake numfashi.

Ƙanenki da ke cikin damuwa,
Luke

*

Legas, watan Disamba

Yaya,

Lafiya kuwa? Lahadin ta wuce, ba takarda, ba waya. Nuru ma ba a samunsa. Na aiko wannan ta hannun wani direban. Ki gaya min ko da kalma ɗaya ce. In an riga an dafa waken, ki faɗa min kai tsaye, zan iya ɗauka.

Luke

*

Kafanchan, tsakiyar Disamba

Luke ƙanena,

Muna lafiya, Mama tana gaishe ka. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, bayan an gama komai. Motar Nuru ta karye a Mokwa, ya zauna jiran kayan gyara da roƙonka a aljihu, wayarsa kuma ta faɗa cikin bokitin baƙin mai. Saboda haka duk dabarun da ka tsara min, da bunsurunka matsakaici, ban san da su ba ranar gwanjo. Wurin Rabaran kuwa, ko ta iso da wuri ba zan je ba.

Na tafi ne da niyyar in zauna in naɗe hannu. Na ce a raina, abin da na yi shekara ashirin ina zagi, yau Allah ya raba mu lafiya. Malam Nelson na makarantar sakandare shi ne mai gwanjo, da ƙararrawarsa. Da ya ɗaga jita aka yi ta dariya, wani ya ce a haɗa masa da filayar. Baba Gershon ya fara tayi da kuɗin da bai kai na kaza ba, yana murmushi.

Sai Zipora, matar marigayi mai gyaran keke, ta ɗaga hannu daga baya. Ta ce da wannan jita aka raka gawar mijinta, ba za a dafa wake da ita tana kallo ba. Sai ma'auratan nan da aka fara aronta dominsu suka ƙara. Sai wani ya ce a baftismar 'yarsa ta yi kiɗa, wani ya ce ita ta sanar da shi farashin taki kafin 'yan kasuwa su ƙara. Kevin ya zazzage aljihunsa kaf, da ya ƙare ya ce zai yi wa majami'a benci kyauta. Daga nan kuɗi ya ƙare wa kowa, aka koma kaya. Wannan ya ce zakara, wancan ya ce kwandon gyaɗa, wata ta ce buhun citta. Malam Nelson ya rasa yadda zai auna zakara da benci, gumi yana keto masa, sai dattawa suka koma alƙalai.

Duk wanda ya taya, Baba Gershon sai ya ɗora. Tsohon ya cire hula, jijiyar wuya ta tashi. A ƙarshe ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Akuya na mai ciki! Wanda ya isa ya zo!" Zipora ta sunkuyar da kai. Kevin ya roƙi a bar shi ya ɗan taɓa ta kafin a buga ƙararrawa, Rabaran ya yarda. Ya sa silifansa ya jona ta.

Ka san wannan zizar da take yi kafin a kaɗa, kamar ƙudan zuma a gwangwani. Da ita kake tashina daga barci lokacin kana gida, a kanta nake jifanka da takalmi. Ina jin ta sai na gane abin da ban taɓa gaya wa kaina ba. Duk Lahadin duniya tun da ka tafi, wannan ƙarar ce kaɗai muryarka da nake ji ba tare da layi ya yanke ba. Ina zaune ina tsaki, ashe zuwa nake yi in ji ƙanena.

Malam Nelson ya ce na ɗaya, ya ce na biyu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina ya ce, "Aladena."

Ka san ko wanne. Babban nan da nake kiwo tun bara don Kirsimeti, wanda dillalan kasuwar Katsit suka yi ta zarya a kansa ina korarsu. Majami'a ta ɗauki "Kai!" gaba ɗaya. Baba Gershon ya juyo ya dube ni, ya ce, "Hellen, ba ni da ke muke zagin wannan abu ba?"

Na ce, "Baba, nawa zagin na gida ne."

Sannan ya mayar da hularsa, ya ce shi dai akuyarsa ta tsira, Allah ya ba ni haƙurin abin da na saya. Aka buga ƙararrawa. Okechukwu da labari ya kai masa ya aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Yanzu ka saurara da kyau. Sunanka bai ɓaci ba, kyautarka ta karɓu, rufin majami'a ya samu alade. Amma jita ba taka ba ce kuma. Ka ba Allah, ni na saya a hannun ikilisiya a gaban shaidu, da naman da za mu ci ranar Kirsimeti. Kada ka aiko min da ko sisi, ba ta sayarwa ba ce. Kevin yana zuwa ranar Asabar ya roƙa da ladabi, ya dawo da ita Lahadi da yamma, in duba ta kafin ya tafi. Sauran kwanaki tana rataye a falo.

Na yi kewarka, Luke. Ga shi na rubuta, tunda a baki ba zai fito ba. Shinkafar bana ba nama, amma akwai jita. Kai ma ina iya ba ka aro, sai dai ba na ba da aro ta hannun direba. Mai so ya zo da ƙafarsa, ya zauna a tsakar gida ya kaɗa, Mama ta ji da kunnenta tun tana ji.

Yayarka mai jita,
Hellen